Yadda Hausar Matata Ta Ƙare

Matata Bafillatana ce, daga wata ruga da ke gefen Rogo. Ni kuwa haifaffen Karaye ne, malamin firamare, kuma a Fillanci ban san komai ba in ban da gaisuwa. Da Hausa muka yi zance, da Hausa muka yi zaman aure, da ita muka yi faɗa muka shirya shekara da shekaru. Hausarta ma ta fi tawa daɗin ji. Tana da keken ɗinki a rumfar tsakar gida, kuma matan unguwa kan zo da sunan kawo ɗinki, amma hira ce take zaunar da su. In ta kwaikwayi muryar wani, sai ka rantse shi ne ya shigo. Ni kaina ban tsira ba. Duk ranar da na yi mata dogon bayani a kan abin da bai kai ya kawo ba, sai ta ce, "Malam, nan ba aji ba ne, ajiye allin." Muna da 'ya mace babba da ƙannenta maza biyu. Ba ta koya musu Fillanci ba, don ba wanda za su yi da shi a gidan. Sai 'yan'uwanta sun zo ne za ka ji ta juya harshe, ni kuma in ba su wuri.

Abin ya faru da hantsi, cikin damina. Ranar ba makaranta, ina zaune ina gyaran fartanya, ita kuma ta gama wanki. Ta sunkuya za ta ɗauki bahon kayan, sai na ga ta tsaya a sunkuye, ta dafe ƙeya da hannu biyu.

"Malam, kaina," ta ce. "Wani abu ya fashe a kaina."

Na ce ta zauna, rana ce ta buge ta. Ba ta kai ga zama ba ta fara amai. Da na riƙe ta na ji wuyanta ya sanƙare, idonta kuma ba ya son haske ko kaɗan. Maƙwabta suka shigo, wannan ya ce sanƙarau ne, wannan ya ce hawan jini, wata tsohuwa ta ce a kawo hayaƙi. Muka kai ta asibitin garinmu. Ma'aikacin da ya duba ta bai ɓata lokaci ba, ya ce wannan ya fi ƙarfinsu, mu wuce Kano yanzu-yanzu. A mota kanta yana kan cinyar 'yarmu, tana farkawa tana komawa. Duk sanda ta farka sai ta tambaya ko an kwashe shanyar, kada ruwa ya sauko.

A Kano aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta. Likitan da ya yi mini bayani mutum ne mai sanyin magana. Ya tambaye ni ko na taɓa ganin tiyub ɗin keke da wani wuri a jikinsa ya yi laushi ya kumburo. Na ce na gani. Ya ce haka wata jijiyar jini ta yi a cikin kanta, wataƙila ta daɗe a kumbure ba wanda ya sani, yau ta fashe, jini ya malale a kewayen ƙwaƙwalwa. Za su buɗe su maƙale wurin don kada ya sake fashewa, domin in ya sake, da wuya ta tashi.

Aka yi tiyata, ta farka, ta gane ni. Ta ce, "Malam, sun aske ni ko?" Na ce sun aske gefe guda. Ta ce, "To su ƙarasa mana, wa ya taɓa ganin rabin aski." Na fita waje na yi kuka don murna, na kira 'yan'uwanta na ce an samu lafiya.

Ba a yi mako ba sai ta canza. Na shigo da shayi na tarar tana kallona, bakinta yana motsi ba abin da yake fita, hannunta na dama ya saki. Likitan ya ce jinin da ya zuba ne ya fusata sauran jijiyoyin suka tsuke, wani yanki na ɓangaren hagu bai samu jini isasshe ba. Ya ce a wannan yankin magana take zaune. Na tambaye shi ko za ta dawo. Ya ce wasu abubuwan kan dawo, mu ba ta lokaci.

Wasu sun dawo ɗin. Da muka koma Karaye tana tafiya da ƙafarta, tana ɗan jan ta dama. Gashi ya rufe tabon. Masu zuwa barka suka cika gida, kowa ya gan ta a zaune da sabon mayafi sai ya ce Allah ya yi ikonsa, ta warke sarai. Mu na cikin gida ne muka san abin da ya rage. Tana son ta ce a ba ta cokali, sai ta ce a ba ta tsintsiya, ta ga na miƙo tsintsiya ta fusata, ta buga tabarma. Wani lokacin ta kama kalmar, ta faɗe ta daidai, ta yi dariya, mu ma mu yi. Ƙamshin abinci ta daina ji, miya ta ƙone a gabanta ba ta sani ba. Kafin azahar ta gaji kamar wadda ta wuni a gona. Keken ɗinkin ta koma kansa sau ɗaya, ta zauna ta daɗe tana kallon zaren da allurar, ta kasa tuna wanne ne ke shiga cikin wanne. Ta tashi ta lulluɓe shi da zani. Matan unguwa suka ci gaba da zuwa na ɗan lokaci, su yi ta hira tana binsu da ido. Sannu a hankali ƙafarsu ta ɗauke, kuma ban ga laifinsu ba.

Shekarar farko mun yi ta da sa rai, don kullum akwai wata kalma da ta dawo. A ta biyu abin ya tsaya cik. Daga nan kuma ya fara komawa baya. Farfaɗiya ta kama ta wata rana da la'asar a bakin murhu, Allah ya tsare ba ta faɗa wuta ba. Aka ɗora ta a kan magani. Tafiyarta ta koma ƙananan taku, kamar ƙafafun sun manne da ƙasa. Fitsari ya fara kufce mata. Hausar da ta dawo da ƙyar ta fara zubewa, yau babu wannan kalma, gobe babu waccan, har ya zama ba abin da ya rage sai "to" da "sannu" da "Malam".

Amma ba ta yi shiru ba. A wurin da Hausar ta bari sai Fillanci ya fito. Da safe in na shiga gaishe ta, sai ta kama hannuna ta yi ta zuba shi, muryarta tana hawa tana sauka kamar dā, har da 'yar dariyar nan da take yi in za ta tsokane ni. Ni kuwa ina zaune ban fahimci ko ɗaya ba. 'Ya'yanmu ma haka.

Na hau babur na tafi Rogo wurin yayarta. Adda muke ce mata duka gidan. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure, ita ce ta goyi matata tana jaririya. Bayan mun gaisa na faɗa mata halin da ake ciki. Ta shiga ɗaki ta ɗauro kayanta a zani ta ce mu tafi.

Ranar da Adda ta iso na zauna a bakin ƙofa ina kallonsu. Matata ta yi magana mai tsawo, Adda tana gyaɗa kai tana amsa mata. Da ta numfasa na ce, "Adda, me ta ce?"

Adda ta dubi ƙanwarta, sannan ta ce, "Ta ce ka rame. Ta ce wa yake dafa maka abinci."

Ban san sanda hawaye ya zubo mini ba. Na ce a gaya mata 'yarmu ce take dafawa, amma gishirinta ya yi yawa. Adda ta juya ta faɗa mata, matata ta yi dariya ta ƙara wata maganar. Adda ta ce, "Ta ce gadonka ta yi."

Daga ranar na samu abin riƙewa. Na ce a raina matata tana nan yadda take, ƙofa ɗaya ce ta rufe, ɗayar a buɗe take. Kullum in na dawo daga makaranta sai in zauna da su, in ba ta labarin gari, wane ya yi aure, wane ya sayar da gonarsa, Adda tana kai mata tana kawo mini amsa. Ta ce a gyara katangar baya kafin ruwa ya yi ƙarfi. Ta ce ƙaramin ɗanmu ya rage yawo. Ta ce tana gode mini. Na gyara katangar, na yi wa yaron faɗa da sunan uwarsa. Har shawarar auren 'yarmu da ita aka yi. Yarinyar ta gama karatunta, ta kawo wani malamin asibiti ɗan garin Turawa da suka daidaita, na tambayi uwarta ta bakin Adda, aka ce mini ta amince, ta sa albarka.

Ganin haka na ƙudura sai na koyi harshen, don in ji matata da kunnena ba sai an tsaya tsakaninmu ba. Akwai wani abokin aikina ɗan garin Kurugu, Bafillace, shi na roƙa. Lokacin tara in yara sun fita sai mu zauna a gindin darbejiya yana koya mini. Kaina ya tsufa da ɗaukar sabon abu, yana yi mini dariya in na murɗe kalma, amma na nace. Ban faɗa wa kowa a gida ba. So nake wata rana in shiga kawai in amsa mata da kaina, in ga fuskarta. Na fara tsintar kalma ɗaya-ɗaya a maganarta, ruwa, saniya, igiya, inna. Ban damu da ban haɗa ma'anar ba, na ɗauka ƙarancin sanina ne.

Ranar da za a kai amarya, da yamma kafin motoci su tashi, aka shigo da 'yarmu ɗakin uwarta don sallama. Na tsaya daga bakin ƙofa. Yarinyar ta durƙusa cikin lulluɓi tana kuka. Matata ta kama hannunta da hannun hagu, ta fara magana. Ta daɗe tana yi, a nutse, da irin muryar da uwa take yi wa 'yarta nasiha. Na kasa kunne da dukan abin da na koya. Na ji ta ce ruwa. Na ji saniya, igiya, ruwa kuma, sannan "mi anndaa", wato ban sani ba, ta maimaita shi sau da yawa. Tsakaninsu akwai wasu sautuka da ba su yi mini kama da kalma ba.

Adda ta share ido ta ce wa amarya, "Ta ce ki yi haƙuri da mijinki, ki riƙe sallah, ki girmama iyayensa kamar naki. Ta ce ta yafe miki duniya da lahira."

Ɗakin ya ɗauki kuka. Ni kuwa na sake bin maganar matata a raina. Na san kalmar haƙuri a Fillanci, na san miji, na san sallah, na san yafiya. Ban ji ko ɗaya daga cikinsu ba.

Na bari sai da baƙi suka watse, gida ya koma namu. Washegari da safe na sami Adda a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na gaishe ta da Fillanci, cikakkiyar gaisuwa, na tambayi kwananta da gajiyar biki. Ta ɗago ta dube ni, ta ajiye faifan.

"Yaushe ka koya?" ta ce.

"Na ɗan jima ina yi. Adda, don Allah ki gaya mini gaskiya. Me ta ce wa yarinyar nan jiya?"

Ta ture faifan gefe. Sannan ta ce, "Ba ta ce komai ba, Malam."

"Na ji tana magana."

"Ni ma ina ji. Kalmomi ne kawai, ba su haɗu da juna ba. Wasu ma ba Fillanci ba ne, ba kowane yare ba ne. Muryar ce ta rage mata. Tana hawa da ita tana sauka kamar mai hira, amma ba hira a ciki."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na zo. Da farko nakan tsinci abu ɗaya ko biyu masu ma'ana. Yanzu babu."

Na ce, "To ramar da ta ce na yi? Katangar? Albarkar da ta sa wa auren?"

"Ni ce," in ji Adda. "Na ga yadda ka zauna a bakin ƙofar nan kana jira. Ni na goye ta, na san abin da za ta faɗa da tana iyawa, shi na faɗa maka. In na yi laifi ka yafe mini."

"Ita fa, tana gane abin da kike gaya mata?"

"In na ce ta ci abinci ina miƙa mata, takan ci. In na faɗa ban miƙa ba, sai ta yi mini dariya. Ban sani ba, Malam. Wallahi ban sani ba."

Ban yi fushi da ita ba, ko a lokacin ko daga baya. Na tashi na shiga ɗakin matata, na zauna a gabanta, na ce mata da Fillancina na koyo, "Kin san ni? Wane ne ni?" Ta yi murmushi ta kama hannuna, ta ce igiya, ta ce ban sani ba, ta ci gaba da zuba sautukanta cikin fara'a. Na sake tambaya da Hausa. Amsar ba ta canza ba.

Bayan bikin na mayar da ita Kano. Aka sake ɗaukar hoto, likitan ya jera shi kusa da na farko a jikin allo mai haske. Ko ni da ban san aikin ba na ga bambanci. A gefen hagu, inda a tsohon hoton yake cike, yanzu akwai wani wuri baƙi mai faɗi. Ya ce naman ƙwaƙwalwar da ya rasa jini a wancan lokacin ya mutu, jiki ya kwashe shi a hankali, ruwa ya maye gurbinsa. Abin da ke kewaye da wurin ma ya motse, domin sassan da suke aiki tare da shi sun rasa abokin aiki. Ya nuna mini wasu ramuka biyu a tsakiya da ya ce kowa yana da su, amma nata sun buɗe sun yi girma, saboda tsohon jinin ya toshe hanyar da ruwan kai yake bi ya fita, ruwan yana taruwa yana danne abin da ya saura.

Na gaya masa zancen Fillancin. Ya ce yakan faru harshen da mutum ya fara ji a bayan uwarsa ya fi jurewa, amma duka harsunan a unguwa ɗaya suke zaune a cikin kai, in ɓarnar ta yi faɗi ba wanda take bari.

"Likita, abin da ya tafi zai dawo?"

"A'a, Malam," ya ce. "Ba zan ɓoye maka ba. Wurin da ya zama ruwa ba ya komawa nama. Abin da za mu iya shi ne mu sa mata siririyar roba ta riƙa janye ruwan daga kai zuwa cikinta. Tafiyarta za ta iya gyaruwa, da riƙe fitsari. Magana kam kada ka sa rai."

Aka sa robar. Tafiyar ta ɗan gyaru, har takan fita tsakar gida da kanta ta zauna a inuwa. Hakan ya ɗauki kamar shekara, sannan takun ya sake ƙanƙancewa. Aka duba aka ce robar tana aiki, ƙwaƙwalwar ce take ci gaba da motsewa.

Adda ta zauna da mu har ciwon gwiwa ya ci ƙarfinta, ɗanta ya zo ya mayar da ita Rogo. Kafin ta tafi ta roƙe ni kada in gaya wa 'yarmu gaskiyar nasihar ranar aure. Na riƙe na ɗan lokaci, amma yarinyar da mijinta ma'aikacin asibiti ne ba ta buƙaci in faɗa ba. Wata rana ta zo da jaririnta na fari, ta ɗora shi a cinyar uwarta. Matata ta dube shi, ta shafa kansa, sannan ta kawar da kai ta bar shi yana zamewa, sai da 'yarmu ta yi wuf ta tare. Da za ta tafi na raka ta zaure, ta ce, "Baba, Inna ba ta san ko ɗan waye ba, ko?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Na daɗe da ganewa. Adda ce take magana." Ta gyara goyonta ta fita.

Na yi ritaya daga koyarwa bara. Yanzu ni nake yi mata wanka, ni nake ba ta abinci da magani, wata ƙanwata tana zuwa ta taimaka da abin da ya fi ƙarfina. Fillancin ma ya ragu. Kalmomin da nake tsinta sun ƙare, saura sauti biyu ko uku da take maimaitawa, wasu ranakun kuma ba ta cewa komai. Masu zuwa dubiya sun koma 'yan kaɗan, in sun tambaya ya mai jiki, nakan ce da sauƙi, su ce Allah ya ƙara, mu shafa. Abokina ɗan Kurugu ya haɗu da ni a kasuwa kwanakin baya, ya tambaye ni me ya sa na daina zuwa karatu, saura kaɗan bakina ya faɗa. Na ce masa hidima ce ta yi yawa.

Likita ya ce zuciyarta da huhunta lafiya lau suke, za ta iya daɗewa a haka. Ni kuma na fara jin nauyinta in zan ɗaga ta daga katifa, bayana yana amsawa. Yaran maza suna Kano suna neman na kansu. Na fara tunanin wanda zai riƙa ɗaga ta in ni na kasa, kuma har yanzu ban samo ba.